Umma ta ce kada a huda mata maƙogwaro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata ta yi nauyi, na rasa wanda zan gaya wa.

A Makka muke zaune, unguwar Misfala, ni da mahaifiyata da yayana. Umma ta daɗe tana cikin matan da ake kira wankan gawa idan an yi rasuwa a cikin Hausawanmu. Bara ta je wankan wata aminiyarta da ta yi watanni a kan injin numfashi a asibiti. Da ta dawo ko abinci ba ta taɓa ba, ta ce ta ga huda a maƙogwaron matar, bayanta duk ya saluɓe saboda kwanciya. Ina matsa mata ƙafa ta kama hannuna ta ce, "In ciwo ya kai ni nan, kada ki bari a huda ni. Ku bar ni na tafi da kalmar shahada a bakina." Na ce to Umma. Daga ni sai ita a ɗakin, kuma ba ta sake tayar da zancen ba.

Watan jiya jininta ya hau, ta faɗi a banɗaki. Tun ranar tana ɗakin masu tsananin ciwo, an sa mata bututu a baki, ba ta magana. Yanzu likita ya ce bututun ya daɗe, sai dai a huda maƙogwaro a mayar da shi can, kuma bai yi mana alkawarin za ta farka ba. Amincewarmu yake jira.

Na gaya wa Yaya abin da Umma ta ce, ya hau ni da faɗa a bakin asibitin, wai maganar tsofaffi ce, firgita ta yi, wai in da gaske take ai shi ne babba, shi za ta gaya wa. 'Yan uwanta na Kano kuma sai waya suke, kowa ya zama malami, har wata gwaggona ta ce ko gajiya na yi da jinya. Wallahi wannan maganar ta ƙona min rai, ni da nake mata komai tun rasuwar Baba.

Jiya Yaya ya sauko. Yana kuka ya ce, "Khalas, shi ke nan, ke kika ji da kunnenki, ke za ki ba likita amsa."

Da yana musu da ni har na fi samun sauƙi. Na shiga wajenta na tambaye ta a kunne ko tana nan kan bakanta, injin numfashin ne kawai yake ta aikinsa.

Ranar Lahadi likita yake son amsa. Masu ilimin addini da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, ku faɗa min gaskiya, in cika mata amanarta in rasa ta, ko in riƙe ta a yadda ta roƙe ni kada in bari?