Salka Ɗaya Zuwa Damagaram

Barmo,

Dogaran sarki sun zo da sassafe, sun tasa mu gaba zuwa sharar filin da jirgin Nasara ke sauka a Tanut. Na iske kana minshari, ban tashe ka ba.

Na ji abin da ka faɗa jiya a bakin rijiya. Wai tunda jirgin ya taso daga Damagaram da hantsi, ya sauka nan ba a kira azahar ba, ashe garin kusa yake, iyayenmu ne suka yi ta kewaye don rashin sani. Sannu, malam mai hangen nesa! Na leƙa zaure na tarar ka cika salka ɗaya tal da ruwa, wai da ita za ka kai Umma wurin mai maganin ido a Damagaram.

Ka taɓa ganin jirgin ya tsaya shan ruwa? Rairayi ba ya riƙe masa ƙafa, ƙaya ba ta sukarsa. Jakinka kuwa tun ba ku wuce gonakin gari ba zai fara neman inuwa. Hanya tana nan yadda Baba ya bar ta.

Kada ka ɗora Umma kan jaki sai na dawo. In ka matsu, kama hanya kai kaɗai da salkarka. Ka gaishe mini da ungulaye, su ma ta sama suke zuwa, ba za ka daɗe kana jiran su ba.

Wanka, Ila