Furen da Mama ta ajiye maka a firiji

Heze, 26 ga watan Mayu

Zuwa ga ƙanena Deshun,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙa maka lafiya kai da matarka Meifen da 'yarku Tingting, da fatan sanyin Kanada ya sassauta muku. Mu nan muna lafiya daidai gwargwado. Mijina Baoshan ya koma gona, ƙafar tasa da sauƙi. Na zaɓi in rubuta da hannu ne domin a waya kullum sauri kake yi, ni kuwa maganata ba ta sauri ba ce.

Ka ce in faɗa maka yadda kwanakin Mama na ƙarshe suka kasance. To, ga shi. Lokacin da ka yi alkawarin zuwa a ƙarshen Afrilu, itacen furen mudan ɗin da Baba ya dasa a tsakar gida ya riga ya fitar da kawunan fure, ba su dai buɗe ba. Mama ta ce ba zai jira ka ba, kwana goma ne ya zube. Ta sa na kai ta gindinsa a kujera da sassafe, ta riƙa matsa kowane kai da yatsa. Mai tauri ta ce a bar shi, wanda ya fara laushi ta ce in yanka. Har faɗa na sha, wai ina riƙe almakashi kamar mai yanke wa jaki kofato, ban san a karkace ake yankan kara ba. Muka cire ganyen, muka naɗe guda goma sha takwas a jarida, na kwashe kabeji da nama daga firiji muka kwantar da su.

Ana gobe za ka sauka na fito da shida, na sake datse gindinsu, na sa a tulun tangaran da ruwa mai ɗumi. Da gari ya waye sun buɗe, kowanne ya kai tafin hannu biyu, ƙamshi ya cika ɗakin. Sai ga saƙonka, wai aiki ya riƙe ka, sai bayan mako biyu. Mama kuwa cewa ta yi in riƙa wanke tulun ina canja ruwa kowace safiya, in janye shi daga taga, in kuma fitar da kwanon tuffa domin tuffa na tsofar da fure. Kwana shida suka yi, na share su da tsintsiya. Shida na biyu ma haka, ranar da ka ce Tingting na jarrabawa.

Na ƙarshen sun daɗe a sanyi, bakinsu ya yi ƙasa-ƙasa. Na tsoma su a ruwan ɗumi, na murza kawunan a hankali yadda ta nuna mini, biyu kawai suka buɗe. Ka san me ta ce? Wai ni na lalata su da nauyin hannuna, da kai ne da duk sun buɗe. Shekara huɗu ina yi mata wanka ina juya ta a gado, Deshun, amma hannuna ne mai nauyi.

A safiyar ranar da ta rasu, Baoshan ya shiga mata da kunun gero. Idonta ya riga ya dushe. Ta kama hannunsa ta kira shi da sunanka, shi kuma ya amsa. Ta yi masa faɗa wai ya rame, matar nan ba ta ba shi abinci, ta ce ya shanye kunun a gabanta. Ya zauna ya shanye tas, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Da rana Mama ta cika, tana zaton ka zo.

Ka gaishe mini da Meifen, ka shafa mini kan Tingting. Gwaggo Yulian tana gaishe ka, tana tambaya ko za ka zo sharar kabarin iyaye ta shekara-shekara baɗi. Na ce mata ta tambaye ka da kanta. Baoshan ma yana gaishe ka. Ya roƙe ni kada in faɗa maka abin da ya yi, ni ce na ƙi.

Yayarka,
Shulan