Fayafayan da Na Bari a Mota

Utaiqa, Riyadh

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ko kana raye idonka ba zai iya karanta ta ba. Amma wata bakwai ke nan da rasuwarka, maganar da na ɓoye maka ta ƙi barina.

Bari in fara da labarin gida. Inna tana nan lafiya a Zariya, sai dai ƙafar. 'Yarka Hajara ta haifi mace. Mu ma lafiya, an sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, ina nan a masana'antar da ka sani, a Birnin Masana'antu na Biyu. Mai sunanka ya shiga makaranta, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa.

Baba, kwastan ba su ƙwace fayafayanka ba. Ƙarya na yi maka.

Ka tuna hutun da na zo shekara uku da suka wuce? Allurar garmahonka ta ƙare, an zagaye Sabon Gari ba a samu ba. Ka ɗauko fayafayan nan guda bakwai na mawaƙin Ingilan da muke kira Mai Farin Kwat, saboda hotonsa da ke kan kwalin. Ka naɗe su a tsohon zanen Inna, ka ce in kai su Riyadh a juye maka a kaset. Tun kana akawu a reluwe kake da su, Baturen da ka yi aiki a ƙarƙashinsa ya bar maka da zai koma gida. Ka san tarihin mutumin kamar ɗan unguwarku: yadda ya fara waƙa a soja, yadda ya yi dako a tashar jirgin ruwa kafin a ɗauki muryarsa, yadda samari masu jita suka zo suka kashe masa kasuwa har ya koma waƙa a ƙananan gidajen rawa na bakin teku. Kana ba mu labarin kana jin haushi, kamar kai aka yi wa. Ka ce shi ba ya ihu, yana jan kalma a hankali har wanda bai ji Turanci ba ya gane kewa ake yi.

Na iso da su lafiya. Babu wanda ya ko buɗe jakar a filin jirgi. Lokacin iyalina ba su zo ba, ina zaune da abokan aiki uku, mutanen kirki masu tsanani a kan kiɗa. Ni kuma na fara tara gemu, ina son su ɗauke ni nasu. Yaya zan shiga da hoton Bature mai farin kwat, in ce na mahaifina ne? Sai na bar su a bayan mota, da niyyar gobe zan kai shago. Goben ta zama kwana tara, a tsakiyar zafin garin nan. Da na buɗe zanen, duk sun lanƙwashe, biyu sun manne da juna. Na tsaya ina kallonsu, sannan na jefa su a kwandon shara na bayan masana'anta. Zanen kaɗai na ajiye.

Wata huɗu ina rubuto maka cewa mai shagon yana kan aiki. Da ka matsa, na ɗora wa kwastan. Ka san abin da ya fi ci mini rai? Amsarka. Ka sa Hajara ta rubuto cewa in yafe maka, ka jefa ni cikin hatsari a ƙasar mutane saboda son zuciyarka. Ka tambaya ko abin ya taɓa aikina, ko kafilina, wanda ya ɗauko ni aiki, ya ji. Kai kake ba ni haƙuri, Baba. Na karanta, na ninke, na tafi aiki.

Na sake zuwa hutu bayan nan. Mun zauna a zaure, idonka ya tafi gaba ɗaya, rikodar da na aiko maka tana gefenka kana jin labarai. Sau nawa na buɗe baki? Me nake tsoro, duka ko faɗa? Ba ka taɓa dukana ba. Ina tsoron ka san cewa na ji kunyarka ne. Da aka bugo waya ka rasu, kafin bizar fita ta fito an yi sadakar uku.

Makon jiya na shiga kasuwa sayen batir. A wani ƙaramin shagon kaset, tsakanin waƙoƙin Indiya, sai ga farin kwat ɗin. Kaset biyu, duk waƙoƙinsa na da. Mai shagon, wani ɗan Pakistan, ya ce sun fi shekara huɗu a wurin babu mai tambaya. Tafiyar minti goma daga gidana. Ban taɓa nema ba, domin in na nema sai na tuna abin da na yi.

Na saye su, na saurara a mota. Murya ce kawai ta wani mutum da ke roƙon a jira shi. Ban kai ƙarshen gefen farko ba na kashe.

Ban san hukuncin kiɗa a wurin Allah ba kamar yadda na ɗauka na sani a lokacin. Na dai san hukuncin yi wa uba ƙarya. Kullum ina roƙa maka gafara, ina roƙa wa kaina.

Bayan Babbar Salla zan je gida, kuma zan faɗa wa Inna komai da bakina. A wasiƙarta ta ƙarshe ta ce akwai wata waƙa a cikin fayafayan da kake sa mata tun tana amarya, ba ta san sunanta ba, ba ta taɓa jin abin da yake cewa ba. Zan zauna kusa da ita in sa waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, har ta ce ita ce wannan.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Ka yafe mini, Baba.

Ɗanka,
Kabiru