Awon Jinin 'Yar Fari

Aujara,
Jihar Jigawa.
9 ga Oktoba, 2000.

Zuwa ga yayata, Adda Ummi, a Yola.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma irin na ƙani ga yayarsa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Alhaji da duk mutanen gida. Allah Ya ƙara wa Alhaji sauƙin gwiwar da ke damunsa. A ce masa kada ya haɗa ƙwayar nan da wata, kuma kada ya sha ta da yunwa. Mu nan sai godiyar Allah. An yanke gero, riɗi ya yi kyau bana, dawa kaɗai ake jira. Uwargidana Hindatu tana nan lafiya ita da yara, shanun Baffa Idirisu kuma sun fara gangarowa.

Adda, kin san tun ina saurayi nake riƙe da ɗakin shan maganin garin nan, kuma kin san ban shiga makarantar aikin ba. Abin da na sani, daga ƙananan littattafan da ake rabawa a wajen bita na same shi, na karanta, na maimaita, har na haddace. To, umarni ya zo daga sama cewa duk mai duba marasa lafiya sai ya ci jarrabawar mataimakan likita ya karɓi takardar shaida, in ba haka ba a ɗauke shi daga kan kujerar. A Dutse za a yi, ƙarshen watan nan. Ɓangaren rubutu bai tayar mini da hankali ba. Na aikin hannu ne ya hana ni sukuni, domin a gaban malamai za a ba mutum marar lafiya a ce ya auna masa jini. Mu kuwa sai bana aka kawo mana na'urar. Na san duk abin da littafi ya faɗa a kanta, amma littafi ba ya kama hannun mutum ya gyara masa.

A duk waɗanda na sani, babu wanda ya iya aikin nan kamar 'yarki da kika raina, tunda shi take yi kullum a asibiti a Dutse. Sai dai ita ce 'yar farinmu ni da Hindatu, ke kika karɓe ta tun daga yaye, kin kuma san tarbiyyar gidanmu game da 'yar fari: ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama da ita muna magana ba. Da na rasa yadda zan yi, sai na bi ta wajen mijinta, Malam Zailani, duk da nauyin da ke tsakanina da shi. Nakan faɗa masa tambaya a zaure, ya shiga ciki, ya fito da amsa. Mutumin kirki ne, amma ɗan kasuwar hatsi ne. Ya ce mini wai ta ce in matsa har ya daina, sannan in saki har ya fara. Na tambaye shi mene ne zai daina, ya ce wallahi shi ma abin da ya manta ya tambaya ke nan. Na dawo gida kamar yadda na tafi.

Ranar Alhamis da ta wuce, ina cikin sallamar layin mata, sai na ɗaga kai na ga ita ce ke biye. Ta yanki kati kamar kowa, ta jira har layi ya zo kanta. Ta zauna, kanta a ƙasa, ta miƙo hannu ta ce: “Malam, a auna mini jini.” Nan na gane dabararta. Uba ba zai zauna da ita ba, amma mai magani dole ya duba duk wanda ya yanki kati. Na ɗaura mata abin awon a dantse. Ba ta dube ni ba, sai ta sa yatsa ta ɗan matsar da shi sama, ta nuna mini daidai inda zan ɗora abin sauraro. Na matsa iska, na saki a hankali, sai na ji bugun a kunnena, ƙarara, yadda littafi ya ce.

Abin da na karanta a gilashin na'urar shi ne dalilin wannan takarda. Ɗari da sittin ne bisa ɗari da goma. Ta tambaya, na faɗa, sai ta ce a sake a ɗaya hannun. Na sake, bai canza ba. Sai ta sauke hannun rigarta, ta ce Malam ya yi saurin sakin iska, in riƙa yi sannu a hankali, ta yi sallama ta fita. Lokacin da ta miƙe ne na lura ƙafafunta sun kumbura har igiyar takalmi ta nutse a ciki, na kuma lura tana da juna biyu, da alama ya yi nisa. Babu wanda ya gaya mini, kuma ba a tsammanin a gaya mini.

Tun ranar nake auna duk wanda ya yarda: maigadinmu Malam Falalu, liman, direbobin tasha. Ina sakin iskar a hankali kamar yadda ta ce, kuma abin da nake samu a wajensu daidai yake da na masu lafiya. Adda, akwai ɗan littafi guda a kan masu juna biyu, na san shi kamar tafin hannuna. Hawan jini da kumburin ƙafa su ne ke gaba, jijjiga ke biyo baya, kuma ba ta sallama. Za ki ce ai ma'aikaciyar asibiti ce, ta fi ni sani. Haka ne, amma wanzami ba ya son jarfa.

Na gwada ta kowace ƙofa. Na ce wa Malam Zailani ya kamata mutanen gidansa su ga likita, ya yi dariya ya ce ai da likitoci suke wuni. Ban iya buɗe masa maganar fiye da haka ba. Hindatu kuwa, ina fara magana ta ja mayafi ta ce wannan zancen uwar ɗiya ne, ita ba ta da ɗiya a Dutse. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma ba za ta je ba.

Saboda haka nake roƙon ki, don Allah da darajar iyayenmu, kada ki jira lokacin haihuwa. Kada kuma ki aiko ta zo, hanyar Yola ba ta mai irin halinta ba ce. Ki taho da kanki, ki kama hannunta ki kai ta gaban likita, a auna kina tsaye, a faɗa miki adadin da baki. Ke kaɗai ce ba za ta ce wa kin yi saurin sakin iska ba. In likita ya sami abin da na samu, to hannuna ya zauna, zan iya cin jarrabawa. Ni kuwa wallahi a kowace salla roƙona shi ne a ce ni ne ban iya ba, ko da kujerar za ta tafi.

Ki gaishe mini da Alhaji, da Musaddiq da amaryarsa, da Mu'minatu. Direban da ya kawo miki takardar nan ranar Asabar zai juyo, na ce ya ajiye miki gidan gaba.

Wassalam. Ni ne ƙaninki,
Muntaka.