Sunan da Ya Kuɓuce Mini

Gaya, ranar Laraba

Ɗiyata Hadiza, gaisuwa mai yawa. Ina maigidanki da yara, ina zaman Yamai? Jikina da sauƙi, sai dai barci ya guje ni tunda manyan motocin Dahome suke kwana ratsa gadar kan iyaka.

Jiya aka kira ni raɗin sunan jikar maƙwabcina. Uban ya faɗa mini sunan a kunne, na buɗe baki in sanar, ya ɓace. Na marigayiya mahaifiyarki na faɗa. Ba wanda ya gyara mini, aka bar wa yarinyar shi. Tsorona kada wata rana naki ya ɓace.

Ki sa ni a addu'a, ki gai da kowa. Yayanki da zai kai ni wurin likita a Dosso bai zo ba, ko kuwa ni na rikita ranar.

Mahaifinki