Rawar Sista Klaudiya

Litinin, 7 ga Fabrairu, 2022

Wata yarinya ta biyo ni har Kuru yau. Salma sunanta, tana aiki a ƙaramin gidan tarihin nan da aka buɗe a tsohon gidan Baturen kuza, hanyar Naraguta. Wai za su yi makon tunawa da 'yan Ailan da suka zauna a Jos, su Fada da su Sista da 'yan tsirarun da kuza ta kawo. Za a gasa irin burodinsu, tsofaffi su ba da labari, yara su yi rawar da Sista Klaudiya ta koya mana a makaranta. An gaya mata ni kaɗai na rage mai tuna takun. Har da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na ce zumar nan ta daɗe da yin tsami.

Sai ta ciro hoto. 'Yan mata biyu cikin siket, hannuwansu a haɗe a sama. Ɗaya ni ce, Lai'atu mai ƙafafun sauro. Ta ɗora yatsa kan ɗayar ta ce, "Wannan kakata ce, Mama."

Amatullahi. Ashe jikar Amatu ce zaune a kujerata tana shan ruwana.

So take ranar bikin mu biyu mu tsaya gaban mutane mu sake haɗa hannu kamar a hoton. Na ce ta gaida gida.

Laraba, 9 ga Fabrairu

Firisila ta ce, "Mama, abeg, rawa ce kawai." 'Yar da na haifa kenan. Magadaliya kuma, jikata, ashe tuni ta ba da sunanta a makaranta cikin masu rawar. An gama ƙulla abin kafin a zo gaishe ni.

Lahadi, 13 ga Fabrairu

Ban ji wa'azi ba yau, Allah ya gafarta mini. Ɗana Gyang na yi ta gani a bencin gaba.

Na rubuta wannan sau da yawa, zan sake. Katanga ɗaya muka raba da Amatu a bayan Gangare. Ni na karɓi haihuwar 'ya'yanta, a bayanta Gyang ya yi barcin yarinta lokacin da nake aikin asibiti. Naman Sallarta a tukunyata yake kwana, shinkafar Kirsimetina ita ke fara ɗanɗanawa. Sai Juma'ar nan ta Satumba, 2001, da rikicin Jos ya ɓarke. Gyang ya fita shagonsa bai dawo ba, gidan ya ƙone, muka tsinci kanmu a Kuru da kayan jikinmu.

Na sa ido a ƙofa. Na ce hanya ba ta biyuwa, na ba Amatu wata guda. Na ba ta shekara. Mutanen da ban taɓa ba ko kofin ruwa ba sun zo gaisuwa, Amatu ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Zumunci a ƙafa yake, tata ƙafar kuwa lafiyarta ƙalau a lokacin.

Yanzu saboda Turawan da suka daɗe da mutuwa a ƙasarsu ne za a haɗa hannunmu a ɗau hoto.

Alhamis, 17 ga Fabrairu

Magadaliya ta nuna mini abin da suke koya daga waya. Tsalle-tsalle kamar awaki sun ga harawa. Na ce wannan ba ita ba ce. Kafin in ankara ina tsaye tsakar ɗaki, dunduniya a sama.

Asabar, 19 ga Fabrairu

Na je gidan tarihin. Don yaran kawai, kada su kunyata iyayensu.

Sun yi ƙoƙari, ba zan yi musu ƙarya ba. Ga ƙararrawar makarantarmu, ga garmahon Sista, ga hotunan su Fada da gemu a kan babur. A wani lungu yara na zana ganyen nan mai kunne uku, alamar Ailan, da koren fenti. Wani tsoho na ba da labarin yadda wani Fada ya kai shi asibiti a kafaɗa, yana kuka. Na zagaya ɗakunan duka ina neman mace ɗaya da kwanon ƙasar kuza a ka, irin uwata. Na same su can bayan wani Bature a hoto ɗaya, ba fuska, sai kwanuka.

Na gaya wa Salma. Ta ce, "Gaskiya ne, Mama. Ki kawo hotonta mu sa." Wa ya ɗauki uwata hoto?

Maganar tsayawa da kakarta ba ta sake tayarwa ba. Yarinyar na da wayo.

Asabar, 26 ga Fabrairu

Ƙafafun yaran sun fara ji, hannuwan ne suka ƙi. Ɗan Filato da ya ji kiɗa kafaɗarsa ke fara amsawa, rawar nan kuwa daga ƙugu zuwa sama gawa ake zama. Sista Klaudiya tsakuwa take damƙa mana a kowane hannu, mu manne hannun a cinya. Tsakuwarki ta faɗi, rula ta sauka. Wuri ɗaya kawai ake yarda hannu ya tashi, inda za ki kama na abokiyar rawarki. A nan ake sakin tsakuwar, kuma duk rawar wannan wurin muke jira.

Na ba yaran labarin, Salma ta ce za ta kawo tsakuwa don abin ya zama na asali. Na ce ta kawo, ni kuma in koma gida.

Ranar bikina dangin baban Gyang suka sako ni fili. Ƙafa na tafiya, sama a sandare. Wata gwaggonsa ta ce, "Amaryar nan taɓarya ta haɗiye?" Har mijina ya mutu ana kirana Sandar Sista a ƙauyensu. Rawar gidanmu ban taɓa iya ta ba. Wannan ba a sa shi cikin gilashi.

Amma Sistar ce ta koya mini karatu, ita ta tura ni koyon aikin jinya da baba ya ce ya isa haka. Ban san inda zan ajiye matar nan ba, har yau.

Talata, 1 ga Maris

Na tuna wani abu ina tsintar wake, na yi dariya ni kaɗai, sai haushin dariyar ya kama ni.

A rawar, ɗaya na ba da dama, ɗaya hagu. Ranar farko Sista ta tsayar da Amatu inda hagunta zai zo. Yarinyar nan ta ƙi. Rula ta sauka, ta ƙi. Ta ce babanta malami ne, a gidansu ba a miƙa wa mutum hagu sai an raina shi. Sista ta yi ja kamar tattasai. Ni na zagaya na koma ɗaya gefen na ce a bar ni da hagun, don a daina dukanta. Tun daga ranar ni ce mai hagu, ita mai dama. Haka yake a hoton.

Asabar, 5 ga Maris

Salma ta raka ni bakin titi. Ta ce, "Hajiya ta ce za ta zo." Na ce titi na gwamnati ne.

"Tana tambayarki, Mama."

Na ce ta san hanyar Kuru.

Laraba, 9 ga Maris

Na yanke. Zan tsaya. Kada a ce Lai'atu ce ta ɓata wa yara biki. Amma ita za ta fara miƙo hannu. In ta miƙo, na kama, in ɗauka gaisuwar Gyang ce ta zo a makare. In ba ta miƙo ba, to. Shekara ashirin ina jira a ƙofa, ba ni zan fara miƙa hannu a gaban Jos ba.

Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 17 ga Maris

Ranar Waliyyi Fatirik, waliyyin 'yan Ailan. An yi addu'a, Fada ya sa kore. Firisila ta kawo mini koren ɗankwali na jibi, na ce ni ba ganye ba ce. Na gwada shi bayan ta fita.

Asabar, 19 ga Maris

An yi, an gama.

Wurin ya cika. Masu hijabi da masu gwaggwaro a benci ɗaya, abin da na daɗe ban gani ba. An raba burodin nan mai tauri. Har da wata Baturiya da ta zo daga Ailan, wai Sista Klaudiya ƙanwar kakarta ce. Hancin iri ɗaya.

Na sami Amatu zaune a layin gaba. Ta ƙanƙance. Babban hijabi har ƙasa, sanda a gefenta. Na ga ta gan ni, na juya ina gyara wa yara layi.

Yaran sun yi kyau. Magadaliya ba ta kuskure ko sau ɗaya ba, kafaɗarta kuma ta ɗan saci motsi, na yi kamar ban gani ba.

Sai Salma ta kira sunayenmu. Ta taimaka wa kakarta ta miƙe, ta tsayar da ita inda take a hoton, ni inda nake. Aka saki kiɗan garmaho. Amatu ta juyo ta ce, "Lai'atu." Bakinta a karkace, kamar mai yatsine. Ban amsa ba. Ina kallon hijabin, wajen da hannun zai fito.

Kiɗa ya iso wurin sakin tsakuwa. Hagun nawa har ya motsa da kansa, na danne shi a cinya. Hijabin bai motsa ba. Ta dai kafe ni da ido, goshinta duk gumi. Wurin ya wuce. Ya sake zagayowa, ya sake wucewa. Muka tsaya kamar turaku biyu har kiɗan ya mutu.

Baturiyar ce ta fara tafi. Ta ce abin mamaki, ba mu manta ba, haka ake tsayawa a ƙasarsu, hannu a ƙasa. Jama'a suka bi ta da tafi.

Ban tsaya cin abinci ba. Ko a nan ma sai da Amatu ta nuna mini ban isa ba. Na gode Allah da ban zubar da kaina ba.

Lahadi, 20 ga Maris

Ban je coci ba. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, 22 ga Maris

Salma ta zo. Ta kawo hoton ranar, da ɗankwalin da na manta a kujera. Ta gaishe ni a tsaye, ruwa ma ba ta sha ba.

Na ce ta gaya wa kakarta na ga saƙo.

Sai ta ce, "Mama, hannun Hajiya ya mutu tun bara."

Shanyewar ɓarin jiki. Ɓangaren dama, har da bakin. Ita ta hana a gaya mini, wai in na sani tausayi ne zai kawo ni, ita kuma ba ta son wannan. Tun ranar da aka ce na yarda in koyar da yaran, kullum sai ta sa a kama mata hannun ana ɗagawa ana saukewa. Har ya fara tashi kaɗan, ta ce ranar zai tashi.

Na ce ai tana da wani hannun. Muryata ma ban gane ta ba.

"Na ce mata ku canja gefe," in ji Salma. "Ta ce bayan shekara ashirin ba hagu za ta miƙa miki ba."

Salma ta ce ita laifin kanta take gani. Ta ɗauka ni zan kai hannu in kama. Bai taɓa zo mata a rai cewa zan tsaya jira ba.

Bayan ta tafi na ɗauko tabarau na duba hoton. Kafaɗar Amatu ta dama ta ɗaga sama da ta hagu, wuyan ya tanƙware. Duk ƙarfinta na wurin. Ni kuwa a gefe, hannu a dunƙule, Sista Klaudiya da ta gani da ta ba ni lambar yabo.

Laraba, 23 ga Maris

Wannan bai goge komai ba. A 2001 hannunta biyu lafiya, ƙafarta biyu lafiya. Har yanzu ba ta ce mini ya haƙurin Gyang ba.

Sunana ta kira, ban amsa ba. Wataƙila abin da ke biye kenan. Wataƙila kuma ba shi ba ne.

Juma'a, 25 ga Maris

Na sayi man zafi a kasuwa, babban kwalba. Firisila ta ce tun yaushe gwiwata ke ciwo. Na ce ta fita harkata.

Na tambayi mai keken layinmu ko daga kasuwar Taminus har yanzu ana samun masu shiga Gangare. Tambaya kawai na yi. Ya ce sai dai a sauke ni bakin unguwa in ƙarasa da ƙafa, lungunan sun matse. Kamar ni zai koya wa lungunan Gangare.

Ban ce na yafe ba. Aikina ne na da, na shafa wa shanyayyun hannuwa mai ba adadi, na mutanen da ban san ko sunansu ba. Daga yatsu ake farawa, kuma ba a jira mai shi ya miƙo, ɗauka ake yi.

Gobe Asabar, ba koyon rawa. Na goge koren ɗankwalin, tunda shi ne a kusa.