Ƙwayar da Na Daina Sha

Litinin, 3 ga Maris
Sikelin asibiti ba shi da kunya. Nas ta karanto nauyina da ƙarfi, har na bayan layi suka ji. Likitan gaɓoɓi bai ko ɗago kai ba. Wai garkuwar jikina ce ke yaƙar gaɓoɓina, wannan na sani. Wai ƙwayar da nake sha kullum tana sa ƙiba, ga al'ada ta ɗauke, dole jiki ya canja. Dole! Ya tura ni wurin likitar abinci.

Alhamis, 6 ga Maris
Na gan ta. Yarinya ce, siririya, na raɗa mata Tsinke. Ita za ta koya mini cin abinci, ni da na girmi uwarta. "Mama, a hankali za mu bi, kuma kada ki taɓa maganinki." A hankali. Ita ba ta zama da Baban yara, ba ta ji shi yau yana tambaya ko kujerar keken ɗinkina tana da inshora.
Yara suka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a ce.

Asabar, 15 ga Maris
Zafin jikin nan na ɗaukewar al'ada ya taso mini ina tsakar auna wata mata a shago. Gumi sharkaf, tef yana zamewa a hannuna. Ta ja da baya tana toshe hanci da mayafi. Allah ya isa.
Da yamma ƙanwata ta zo. "Yaya, wallahi ba abinci ba ne, ƙwayar nan ce ke hura ki. Dubi fuskarki fa. Ni kunyar fita da ke nake ji." Ta faɗa tana cin biskit ɗina.

Lahadi, 16 ga Maris
Ban sha ƙwayar ba. Na tura kwalbar bayan ƙyallaye.

Laraba, 9 ga Afrilu
Fuska ta saɓe. Siket ya fara juyawa a ƙuguna. Baban yara ya dube ni yau, duba na gaske, ya ce, "Ah, ashe kina nan, ƙiba ce ta ɓoye ki!" Na ji daɗi, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Rabon da ya kalle ni haka na manta.
Ba na jin yunwa ko kaɗan. Jiri dai. Yatsu kuma da safe sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su lanƙwasu.
Ban je wurin Tsinke ba. Me za ta gaya mini?

Juma'a, 25 ga Afrilu
Almakashi ya gagare ni. Na sa hannu biyu, ya kauce, na ɓata wa matar mai kanti yadinta tun daga wuya. Ta kwashe sauran ɗinkinta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in tsufa ya zo a haƙura a ba yara wuri. Kafin ta tafi kuma ta juyo: "Amma kin yi kyau fa, me kike sha?"
Zare ma sai maƙwabciya ta zura mini. Ni. Tun ina budurwa nake kan keken nan.

Alhamis, 8 ga Mayu
Na je wurin Tsinke, don in ga idonta in sikeli ya yi magana. Ya yi. Na jira yabo. Tsinke ba ta ko kalli lambar ba, ni take kallo ina fama da maɗaurin takalmi.
"Mama, miƙo hannunki." Na ƙi. Ta kama da kanta.
"Yaushe kika daina?"
Na ce ai ramar kuke nema, ga ta. Ta ce ba za ta taya ni murna ba, wannan ba rama ba ce, ciwo ne ke cina, kuma yanke maganin nan farat ɗaya yana iya kai mutum kabari. Na ce mata mara kunya, jira ki kai shekaruna. Ta ce to, in ta kai. Ta riƙe jakata ta kai ni ofishin likita da ƙafarta, kamar an kamo ɓarauniya.
Na tsane ta.

Talata, 3 ga Yuni
An mayar da ni kan magani, har da ƙari. Kumatu sun dawo. Ƙanwata ta ce na yi asarar wahalata.
Yau na yanka riga, hannu ɗaya, layi bai karkace ba.
Muna cin abinci Baban yara ya yi tsaki ya ce, "An koma gidan jiya ke nan. Watan can kin fi kyan gani." Na ajiye cokali na tambaye shi, lokacin da yake yabon nan, ya ga hannuna?
Ya ce, "Me ya sami hannun?"
Ban yi dariyar da na saba ba. Na cinye abin da Tsinke ta tsara mini, na wanke kwanona, na bar nasa a kan tebur.
Jibi zan koma wurinta. Ba wai don ta iya magana ba.